Ranar da Kaza Ta Taka

Mu biyu muka faɗo daga babur ɗaya, kuma dukanmu ƙafar hagu muka karye, ƙasa da gwiwa. Shi yau yana tafiya kamar ba a yi ba. Ni kuwa tun daga bakin titi mutanen Zongo ke gane ni, kafin su ga fuskata.

Lokacin an buɗe siyasa ke nan, ko'ina hotunan 'yan takara. Kowannensu yana son 'yan zem, wato mu masu babur ɗin haya, mu bi bayan motarsa muna danna hon. Babur ɗin na Alhajin da ya sauke ni ne tun zuwana daga arewa. Ɗansa yana ja da safe, ni da yamma. Ranar shi ke tuƙi, ni ina baya riƙe da hoton wani mutum da ko sunansa ban sani ba. A wajen unguwar Vêdoko wata mota ta kwashe mu.

Mutanen ɗan takarar suka zo suna tambayar wa ke da kat ɗin zaɓe. Abokina, ɗan Alhajin, haifaffen nan Kwatano ne, kakansa ma nan aka binne shi. Aka sa shi a mota sai asibiti. Ni ba ni da ƙuri'a. A amalanke aka turo ni Zongo.

Alhaji ya ce in gode wa Allah, a asibiti yanke ƙafa ake yi. Na so in ce to ɗanka fa, amma tuwon gidansa nake ci.

Maɗorin da aka kai ni wurinsa dattijo ne, ɗori gadon gidansu. Ya ja ƙafata har na suma. Da na farfaɗo ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya sa aka kawo budurwar kaza ja. A gabana ya karya mata ƙafar hagu, ƙas, ya ɗaure ta da tsinke da tsumma, ya tofa mata abin da ya tofa mini.

"Ɗana, yanzu kai da ita abu ɗaya ne," in ji shi. "Ranar da ta taka, ka taka."

Aka ajiye ta kusa da tabarmata a zaurensa. Ita gero, ni koko. Masu zuwa dubiya su ce mini sannu a tsaitsaye, su durƙusa gabanta su daɗe suna duba ƙafa. Ban taɓa zaton zan ji haushin kaza ba.

Labarin abokina kuwa kullum sai an kawo mini. Gado da farin zane, fanka a kansa, an ɗauki hoton ƙashinsa an nuna masa. Ɗan takarar ya je da kansa ya dafa kafaɗarsa. Uwarsa ta ƙofar zauren take wucewa da kwanon farfesu, ƙamshi ya shigo, ita ta wuce. Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na so a zo a ce mini maganar Alhaji ta tabbata, an yanke.

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai. An ce likita ya zuba masa siminti a ƙafa, ya hana shi takawa sai bayan wata uku. Na ƙudura zan riga shi. Zan shiga ɗakin nan nasa mai fanka da ƙafafuna, in tsaya a kansa in ce sannu. Har geron kazar na riƙa tura mata kusa.

A mako na uku ta warware tsumman da baki, ta sauke ƙafa, ta bi wani kyankyaso har ƙofa. Baba maɗori ya aika aka kira Alhaji da maƙwabta. Na taɓa ƙaurina, na ji abin da na ji.

"Baba, ciki yana motsi."

"Kaza ta fi ka zuciya ke nan?"

Aka yi dariya. Na tuna ɗakin fanka. Na miƙe. Taku uku na yi. A na huɗu na ji ƙarar da na ji ranar da aka karya kazar.

Baba bai girgiza ba. Ya ce tun kakansa ba a taɓa ganin haka ba, sai dai an san magani ba ya kama mai riƙe da ɗan'uwansa a zuciya. Alhaji ya dube ni. Kowa ya dube ni. Abin da ya faɗa game da zuciyata kuwa gaskiya ne. Na daɗe ina ɗauka ni na karya kaina.

Aka sake ɗauri. Ƙashin ya haɗu a karkace, ƙafar ta gajarce da yatsa biyu. Da ƙafar hagu ake sa giya, don haka zem ya ƙare mini. Abokina ya fito ya karɓi babur safe da yamma.

Na koma figar kaji a unguwar Tokpa-Hoho. Kaji suna zuwa a kwanduna a saman mota, ba a rasa mai karyayyar ƙafa. Wata tsohuwa da nake yi wa aiki, wadda ko salla ba ta yi, takan ɗaure su da tsinken tsintsiya ta jefa bayan rumfa. Ba tofi, ba man shanu. Mako uku su tashi. Na tambaye ta sirrin, ta ce wane sirri, ƙashin kaza ne, ba ya ɗaukar buhu. Na gwada da hannuna, na sake gwadawa. Duk suka taka.

Na je wurin Baba. Na tarar da wani ɗan dako daga kasuwar Missèbo kwance a tabarmata, baƙar kaza a gefensa. Na faɗi abin da na gani. Baba ya yi murmushi ya ce gurgu ya zama likita. Na juya ga mai karayar na ce, "Ɗan'uwa, kada ka bari kaza ta ƙirga maka kwana." Ya kau da kai. 'Yan zauren suka ce hassada ce, tun da ma an san ni da ita.

Hassada ce, ban musa ba. Ina jin haushin layin da ke ƙofar tsohon, da yadda ake cire takalmi kafin a gaishe shi. Amma ƙafar ga ta nan, kowa na iya aunawa.

Da na fito, abokina yana bakin hanya a kan babur. Ya ce in hau ya kai ni. Na hau. Har muka isa, idona yana kan ƙafarsa ta hagu, tana sa giya tana cirewa.