Maman Morayo da Wasan Gidajen Lamba

Duk macen da ta taɓa ɗinka anko a Angwan Iya ta san Maman Morayo, ta kuma san faɗanta. Sunanta Busayo, amma rabon da a kira ta da shi tun kafin ta haihu. A Keffi aka haife ta. Mahaifinta ya zo daga Ogbomosho da fataucin kwanuka, garin ya karɓe shi, bai koma ba. Hausarta ta fi ta wasu Hausawan kaifi, musamman idan aka kawo mata atamfa a jajibirin biki.

Abin alfaharinta a sana'a ɗaya ne: ba ta rubuta awo. Za ta zagaya mace da tef, ta ɗan motsa leɓe, shi ke nan matar ta shiga kanta. Ko bayan shekara aka dawo, sai ta ɗaga ido ta ce, "Kin ƙara ƙugu. Me maigidan yake ba ki haka?"

Mahaifiyarta ma haka take da kai, kafin tsufa ya ruɗa ta. Busayo ce ta yi jinyarta. Ta ga ranar da tsohuwar ta zuba gishiri a shayi, ta kuma ga ranar da ta dube ta cikin ladabi ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Tun daga nan take tsoron wannan ciwo fiye da mutuwa, ba ta kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Morayo, 'yarta da ke aiki a Abuja, ita ta saka mata wasan a waya. Allo ne mai ƙananan gidaje, ana cike su da lambobi daga ɗaya zuwa tara, kada lamba ta maimaita a layi ɗaya.

"Mama, kyauta ne, ko data ba ya ci," in ji Morayo. "An ce yana wasa ƙwaƙwalwa."

"Ni da kaina yake cike da ƙugun matan Keffi, ina zan sami wurin ajiye wannan?"

Faɗa kawai ta yi. Kafin wata ya zagayo ta mayar da wasan likitanta. Kullum da safe, bayan ta share shago, ba ta taɓa almakashi sai ta cike allo guda. Abin da ya sa ta yarda da shi, ba shi da kara. Da ta sa lambar da ba daidai ba, nan take zai mayar da ita ja, bai damu da furfurarta ba. Idan ta gama babu ja, sai ta sauke ajiyar zuciya, ta gode wa Allah, ta ce yau ma kanta yana nan.

Kuma tana gamawa, har ta wuce matakin masu koyo. Ɗinki ne dai ya ja baya. Ta ɗora laifin a kan sababbin teloli masu kallon salo a waya. Ai masu kawo ɗinkin da suka rage mata ba su taɓa yin ƙorafi ba. Za su karɓi kaya, su ɗaga su duba, su ce, "Sannu Mama, ya yi kyau," su tafi.

Wata Asabar zarenta ruwan goro ya ƙare, sai ta taka zuwa Tudun Ƙofa wurin Halima Sadiya. A hannun Busayo Sadiya ta koyi ɗinki, yanzu ita ma tana da shagonta da 'ya'yanta. Busayo ta yi sallama ta ɗaga labule, ta same ta da riga a cinya tana farke ɗinkin da reza. Sadiya ta yi saurin tura rigar bayan keke, amma tela ba ya kasa gane ɗinkin hannunsa. Leshin Hajiya Amarya ne, wanda Busayo ta ɗinka da kanta.

"Miƙo min."

"Mama, ɗan gyara ne kawai."

"Na ce miƙo min, Sadiya."

Ta shimfiɗa rigar a kan tebur. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ƙugun kuwa na budurwa ne, alhali Hajiya Amarya mace ce mai jiki. Busayo ta nemi benci ta zauna.

"Ita kaɗai ce?"

Sadiya ta sunkuyar da kai. "Tun wajen sallar bara suke kawowa. Kunyarki suke ji. Sun ce ke kika ɗinka musu kayan aurensu, ba za su iya buɗe baki su gaya miki ba."

Busayo ta so ta yi faɗa, faɗan bai zo ba. Ashe duk safiyar da take murna da waya, mutanen da ke ƙaunarta suna zagayawa ta bayanta da kayan da ta ɓata. Kunya ta kama ta, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Ta kamo hannun Sadiya ta riƙe gam.

"Ki yi min alkawari. Daga yau duk abin da kika gani, ki faɗa min a gaban idona. Kada ki yi min kara. Ko ba daɗi, ki faɗa."

Sadiya ta daɗe tana kallon hannunsu. Idanunta suka cika da ƙwalla.

"To Mama, bari in cika shi," ta ce a hankali. "Ranar Laraba ma kin zo. Kin ga rigar nan, kin zauna a bencin nan, kin sa na yi miki wannan alkawarin."

Busayo ta saki hannun Sadiya. Ta ciro wayar daga jaka. Allon da ta cike da safe yana nan, babu ja ko ɗaya. Ta rufe shi, ta miƙa wa Sadiya wayar.

"Kira min Morayo," ta ce. "Ki gaya mata duka, tun ina gane muryarta."