Amanar da Yaya Isufu ya kai Irving Park

Bana shekara goma sha shida ke nan da muka binne yayana Isufu a nan garin Greensboro na Amurka, kuma har yau in na ji ƙarar ƙwallon kwando a kan siminti sai ya faɗo mini a rai.

Yaya mutumin Maraɗi ne, direban tasi, ga taurin kai. Da wata jami'a a garin nan ta ɗauki ɗansa Bashir a ƙungiyarta ta ƙwallon kwando, sai ya zura babbar riga, ya ɗauki goro da kilishi, muka bar unguwarmu Glenwood sai gidan kocin ƙungiyar a unguwar Irving Park. Ni ce tafinta. Ya kama hannun Bashir ya sa cikin na kocin, wani Bature, ya ce, "Hadiza, gaya masa na ba shi amana." Kocin ya yi dariya ya ce ya gode. Wallahi bai san abin da ya karɓa ba.

Shekara biyu ƙungiyar na shan kashi. Sai kocin ya kwaso 'yan wasa daga wasu makarantu, har da wanda ya maye gurbin Bashir. Akwai makarantar da za ta karɓi yaron. A dokar lokacin, wanda ya sauya sheƙa sai ya zauna shekara guda ba wasa, kuma Bashir ya yarda zai jira. Yaya ne ya kafe.

"Baba, ya daina sa ni a wasa fa," in ji Bashir, rabi da Turanci.

"Da hannuna na kai ka. Sai in shi ya sallame ka."

Ba zan yi ƙarya ba, baƙin sun iya. Suka yi ta cin wasa, jama'a na ihu, Bashir na kan benci yana tafa wa wasu. Kakar wasa na ƙarewa kocin ya samu babbar jami'a ya tafi abinsa, ko sallama babu. Haba! Daga nan tsakanin Bashir da ubansa sai gaisuwa, har ciwon zuciya ya ɗauke Yaya.

Yanzu an canja dokar, an saki mara, yaro ya buga nan bana, baɗi yana wata jiha. Na ga ƙungiyar da ta tara baƙi ta ci kofi, na ga wadda ta tara su ta wargaje, don kowa kansa ya sani. Me Yaya zai ce? Zai ce tasha ce wannan, ba gida ba. Ni kuwa zan ce masa da haka dokar take a da, da bai rasa ɗansa tun yana raye ba.

Bashir bas yake tuƙawa yanzu. Ran Asabar yana koya wa yaran unguwa ƙwallo, kuma duk yaron da ubansa ya kawo da hannunsa, ko bai iya komai ba sai ya buga. Rannan na ce masa, "Halin Yaya ke nan sak." Har yau bai taka maƙabartar ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya zuciyar ɗansa.