Wanzamin da Ke Karanta wa Kumandan Fuska

A Tawa, in tsofaffi suka ambaci Ma'azu wanzami, ba sa cewa Allah ya jiƙansa sai an matsa musu. Ni ma ba zan ɓoye ba, ba na ƙaunar mutumin. Amma hannu kam Allah ya ba shi. In ya ɗora maka aska a kai, sai barci ya nemi ɗaukarka.

Gadon wanzanci ya yi. Tun yana saurayi yake rataye da zabira bayan ubansa, daga Barmu zuwa Takanamat har Tebaram, duk inda aka yi haihuwa suna can ranar suna. Su aske jariri, su cire masa beli, su yi masa tsagar gidansu a fuska. A wannan yawo Ma'azu ya koyi abin da ya zame wa gari bala'i. Kowa na iya duban tsaga ya ce wannan Ba'adare ne, wancan Bagobiri. Shi kuwa hannun da ya yi tsagar yake ganewa. Zurfinta da karkatarta sun ishe shi ya ce wanzamin wane ƙauye ne, har wace unguwa.

Lokacin nan Annasara sun matsa wa ƙasa da aikin dole. Kowane ƙauye sai ya ba da maza su je fasa dutse a hanyar mota. Wanda ya gudu aka kama shi sai ya ce shi baƙo ne, daga ƙasar Ingilishi ya zo cin kasuwa. Gardi, dogaran Annasara, su yi masa bulala su kora shi, ya zaga ya koma gida. Da wannan ƴar ƙarya talakawa ke numfashi, har ranar da Ma'azu ke yi wa Talle tafintan kumandan, Annasaran da ke mulkin gari, aski, bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi.

"Wanga da kuka saki jiya, ai ɗan Barmu ne," in ji Ma'azu. "Hannun ubana na gani a kumatunsa."

Ba wanda ya tambaye shi fa! Son a ce ya sani ne kawai. Kafin Lahadi ta zagayo an ajiye masa tabarma a gindin itacen bedi, ƙofar bariki.

Tun daga ranar, duk Lahadin kasuwa gardi na jero mutanen da aka kama ba takarda. Ma'azu ya bi su ɗaya ɗaya, ya kama haɓar mutum ya juya ta wajen rana kamar mai sayen rago, ya faɗi ƙauyensa. Talle ya juya wa kumandan da Faransanci, a rubuta. Ladansa shi ne an cire gidansa daga aikin dole. Shekara goma yana wannan, bai yi kure ko sau ɗaya ba, kuma tsinannen yana alfahari da haka.

Kai, gari ya lalace. Maza suka koma naɗa rawani har hanci irin na Buzaye, gardi na fizge shi tsakiyar kasuwa. Wanzami mutum ne da ake buɗe wa cikin gida, ya ga mai jego, ya ji wanda ya yi tafiya da wanda ya dawo. Sai ya zama in an hango zabirarsa ta shigo lungu, hira ta mutu, mata su ja ƴaƴansu ɗaka. Abin takaicin kuma, ba mai iya daina zuwa aski wurinsa, don wanda ya daina za a ce yana ɓoye wani abu. Haka magidanta ke zama su miƙa masa wuya, suna yi masa dariyar dole, zuciyarsu na tsine masa.

Ma'azu yana da ɗa namiji guda, Attahir. Da yake ɗan fari ne, tun yaye aka kai shi wurin kakanninsa na uwa a Takanamat, can ya girma, can aka rubuta shi. Gardin Tawa ba su san shi ba, kuma rangwamen gidan ubansa bai kai gare shi ba. Da sunansa ya fito cikin masu fasa dutse, sai ya bi ayarin fatake ya tsere Sakkwato. Ma'azu ya sani sarai, ya yi gum. Ashe ya iya rufe baki in nasa ne.

Sai yaƙin Annasara ya zo, Faransa da Ingilishi suka ɓata, aka rufe iyaka. Aka kawo sabon kumandan, siriri mai ƙaramar murya, wanda ke ganin ɗan leƙen asiri a bayan kowane jaki. Cikin kakar shekara ta biyu Attahir ya ji uwarsa Zalika ba lafiya, ya biyo daji ya dawo. Kwana ɗaya ya rage ya shigo gari aka kama shi a bakin rijiya.

Lahadi da hantsi aka jero mutum bakwai. Ma'azu ya bi shida, ya faɗi ƙauyukansu. Da ya kama haɓar na bakwai ya juya ta wajen rana, sai ya ga aikin hannunsa, tsagar da ya yi da kansa shekara ashirin da biyu da suka wuce. Attahir ya zuba masa ido. Nan take Ma'azu ya yi dabara. In ya ce ɗan Takanamat ne, shekara biyu zai yi yana fasa dutse saboda gudun da ya yi. In ya ce baƙo ne, bulala ce a kora shi, jibi yana gida.

"Wanga ba namu ba ne," in ji shi da ƙarfi. "Hannun Sakkwato ne."

Talle ya juya maganar. Kumandan ya ɗago kai, ya yi murmushi, ya jawo wata takarda. Mutumin da ya san sirrin kowane gida a Tawa bai san abin da ke cikin takardar nan ba. Sati biyu ke nan da zuwanta daga Yamai: duk wanda ya shigo daga ƙasar Ingilishi ɗan leƙen asiri ne, a ɗaure shi a aika gidan kaso na arewa, cikin hamada, inda ba a cika dawowa ba. Shida suka tafi aikin hanya. Attahir aka sa masa sarƙa.

Ma'azu ya zube gaban kumandan. "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi! Ɗana ne, wallahi ɗana ne, ni na tsaga shi!"

Kumandan ya saurari tafinta, ya ce wanzamin da bai taɓa kure ba shekara goma, ko dai ɗazu ya faɗi gaskiya, ko kuma an saye shi yanzu. In ɗansa ne, ya kawo magidanta biyu su shaida kafin Laraba, ranar da raƙuman da za su kai shi arewa za su tashi.

Mutum biyu kacal, a garin da rabin mazansa sun ci goron sunan yaron. Ya fara da Isufu maƙeri, maƙwabcinsa, wanda shi Ma'azu ya tona ƙanensa, aka dawo da gawar ƙanen daga aikin hanya.

"Isufu, don Allah. Kai ka riƙe ragon sunansa."

Isufu bai daina zuga wuta ba. "Ni maƙeri ne, Ma'azu. Mi na sani a fuskar mutane? Kai ne masani, kuma ka riga ka faɗa."

Haka ya bi gida gida kwana uku. Wasu ƙiyayya ta hana su, wasu tsoro, don ba mai son sunansa ya shiga takardar bariki kusa da na ɗan leƙen asiri. Wasu ma sun ɗauka tarko ne ya ɗana musu, kuma wa zai ga laifinsu? Dattawan Takanamat suka aiko cewa ba su san zancen ba, don in sun yarda nasu ne, ƙauye duka zai amsa laifin gudunsa. Zalika ta rarrafo daga shimfiɗar ciwo har ƙofar bariki tana kuka, gardi suka ce shaidar uwa ba ta shiga.

Laraba da safe raƙuma suka fita ta arewa, Attahir a ƙasa, igiya a ƙugunsa. Bai waiwayo ba.

Zalika ta koma Takanamat, ba ta ƙara yi wa mijinta magana ba har ta rasu. Shi kuwa ya roƙi Talle ko zai ji masa labarin yaron in takardun arewa sun zo. Talle ya ce zai duba, muddin kumandan bai ga tabarmar gindin bedi babu kowa a kanta ba. Lahadi ta zagayo, gardi suka jero mutum tara a rana. Ma'azu ya zo ya kama haɓar na farko.