Likitar da Ke Warin Farar Wuta

Kafin a buɗe asibitin dabbobi, Anti Likita ta riga ta naɗe hannun riga ta dama farar wuta a roba. Sai ta ja labule, ta haska 'yar fitilarta a bayan mage. In gashin ya yi walƙiya kore shar, makero ne. In bai yi ba, ta tsigi gashi a kai ɗakin gwaji, don ba ta aiki da zato.

Maganin nan warin ruɓaɓɓen ƙwai gare shi. A mota a matsa mata, a gidan biki dangin miji su toshe hanci, wai mai digiri ta ƙare a wankan mage. Ita kuwa ta ce musu warin ma sai da ta yi karatunsa. Makeron ya sha kama damtsenta, ta shafa magani ta dawo bakin aiki.

Abokan aikinta ba sa manta dattijon da ya kawo farar magen marigayiyar matarsa. Jikarsa ta kamu da makeron magen, ɗansa ya rantse in magen ba ta warke ba sai bola. Aka yi ta yi wa magen wankan farar wuta, babu sauƙi. Rannan Anti Likita ta sansana magen, ta ji ƙamshin sabulu. Ashe da sun koma gida Baba yake ɗauraye ta, wai marigayiya ba ta taɓa barinta da wari ba.

"Baba, wannan wankan ba a ɗauraye shi. A bar ta ta bushe da warinta."

"'Yar nan, ta koma rawaya fa."

"Rawaya a cinyarka, ko fara a bola?"

Daga ranar Baba ya ajiye sabulu. Ita da kanta ta je gidan, ta sa aka wanke shimfiɗu, ta tura jikar asibiti, ta roƙi ɗan ya ƙara haƙuri. Da gwaji ya fito fes, ɗan ne ma ya riƙo kwandon magen zuwa gida.

Anti Likita, ke ce mai hannun da bai san ƙyama ba! Ranar da kika ajiye aiki, jikar Baba ta rungume ki, ta ja numfashi a rigarki, ta juya ga Baba ta ce, "Kaka, ƙamshin magenmu take."

Mun gode, Allah ya saka. 'Yan mata masu takardu, roba tana nan inda ta bar ta. Ku naɗe hannun riga, mai toshe hanci ya toshe.