Sannun da ta kusa cin wurin mutumina a hoki

Abokin zamana a shaƙƙarmu, wato gidan hayarmu na Giza a Masar, ɗan Zariya ne, injiniyanci yake karanta. Kafin ya zo Masar bai san wata ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo. Wasu 'yan ajinsu ne suka ja shi wani mol, katafaren ginin kantuna, da ke da filin ƙanƙara, inda ɗalibai ke buga hoki: takalmi mai wuƙa a ƙasa, sanda a hannu, ana bin wata baƙar roba mai kama da murfin gwangwani. Kociyansu, wani Bamisire mai sanƙo da kowa ke kira kabtin, ya kalli faɗin kafaɗarsa ya ce khalas, shi ke nan, ga mai tsaron baya.

Ni ɗan rakiya ne. Ina riƙe masa jaka a mikrobas, ƙaramar motar haya, ina ɗaukar bidiyon faɗuwarsa ina tura wa ƙannensa.

Kafin a rufe zango ya iya tsayuwa, ya iya gudu da baya, har ya iya tare mutum da kafaɗa, don a wasan nan halal ne. Matsalar ɗaya ce. Duk wanda ya kayar, sai ya tsaya. Ya ajiye sanda, ya miƙa hannu, sannu, ma'alish, ba ka ji ciwo ba? Kafin ya gama jaje an wuce an zura mana. Har wanda ya faɗi da kansa can gefe sai ya je ya duba shi.

Golan ƙungiyar ya ce masa idan asibiti yake son buɗewa ya faɗa a nema masa wuri. Kabtin kuma ya ce ga wasa nan tafe da ɗaliban Iskandariyya, in ya ƙara tsayawa gaisuwa, benci, kuma akwai wanda ke jiran rigar.

A hanyar gida muka tsaya muka sayi kushari, abincinsu na shinkafa da taliya. Sannan mutumina ya ce shi fa a gidansu ko tuntuɓe ka yi, mutum goma za su ce maka sannu, wanda bai ce ba a tambaye shi ko lafiya. Ta yaya zai maka ɗan mutane da ƙasa ya wuce kamar bai gani ba?

Na ce, “Malam, wa ya hana ka faɗa? Tsayuwar aka hana.”

Muka fara atisaye a falo. Ina faɗuwa kan katifa, yana tsallake ni da tsintsiya a hannu yana cewa sannu. Sau da yawa sai in ga ya dawo ya tsaya a kaina.

Ranar wasa ina jikin gilashin da ya kewaye filin, da waya a hannu. Can wani siririn ɗan Iskandariyya ya taho a guje, mutumina ya tare shi, yaro ya yi sama ya dawo ƙasa tim. Na ga ƙafar mutumina ta fara birki. Na ga kabtin ya dafe sanƙo. Sai mutumina ya ja sandarsa ya kwashe robar ya yi gaba, wuyansa a juye, yana ƙwala wa na ƙasa:

“Sannu! Ma'alish! Ina zuwa!”

Ba mu ci wasan ba, canjaras aka tashi. Amma kabtin ya daki hular mutumina ya ce tamam, rigar tasa ce.

Kuma da mutumina ya ce yana zuwa, da gaske yake. Ana busa usur ya nufi bencin baƙi, ya bi duk wanda ya kayar ɗaya bayan ɗaya, ya jikin, ya gwiwar. Siririn nan har lambar waya suka yi musaya. Ni ina tsaye da jaka, sanyi na cin yatsuna, ina ta ce masa yalla, mu tafi, shi kuwa ya koma kan wani da ko taɓa shi bai yi ba.