Tumba Ba Ta Waiwaya Ba

Kakarmu Ige ɗiyar rundawa ce, wato mahauta, kuma ko a tatsuniya sai ta zubar da jini take jin daɗi. Sauran tsofaffin ƙauyenmu, can bayan Zugu, suna ba jikokinsu labarin da zai sa su barci. Ita kuwa in ta gama nata, sai ka nemi mai raka ka fitsari.

Da an gama girbi sanyi ya sauko, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, ta binne gyaɗa cikin toka. Ni da yayana Modi muke rigan kowa zama. Modi a lokacin bai fi tsawon tabarya ba, amma ya riga ya yanke cewa shi ɗan dambe ne. Yakan yage bakin tsohon zanen Inna ya naɗe hannu, ya wuni yana naushin jikin rumbu. Kaka takan leƙo ta ce, “Maigida, mi rumbun ga yay yi maka? Shi ka ciyad da kai, kai ko kana bugunai. Haka za ka yi man in mun yi aure?” Sai ya ƙara ɗaure fuska, mu kuma mu fashe da dariya.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta taɓa bari shekara ta wuce ba ta yi mana ita ba. Takan gyara zama ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku, mai raunin zucciya shi tai ɗakin uwatai.” Mu ce, “Ta taho mu ji ta, Kaka.” Ba wanda ke tashi, don gyaɗar ba ta nuna ba tukuna.

Wai an yi wani ɗan dambe, Tunau, wanda tun daga Anka har Gummi ba a samu mai kai shi ƙasa ba. Yana da ƙanwa, Tumba, tana aure a wani ƙauye, da ɗanta na goye. Wata rana ya je ya ɗauko ta ganin gida. Suna isowa mashigin gulbi sai wani ƙato ya fito daga cikin gamba, riƙe da adda, ya tare hanya.

A nan kullum nake katse ta. “Kaka, dodo na?”

“Dodo na mana, amma da riga da hulla. Dodon da ka cin mutane bai da ƙaho, ɗiyata. Har sallama shika yi.”

Tunau ko zaren dambe bai tsaya ɗaurawa ba. Ƙaton ya kawo sara, ya goce, ya zuba masa guda a muƙamuƙi. Mutum ya zube, haƙoransa biyu a cikin yashi. To, a fagen dambe akwai doka: da hannun abokin karawa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Ba a dukan wanda ya faɗi. Ja da baya ake yi, a ɗaga hannu, makaɗa su ɗauka. Jikin Tunau ya saba da haka tun yana yaro. Sai ya juya wa ƙaton baya, ya ɗaga hannu sama, ya fara kirari, alhali ba mai sauraronsa sai kwaɗin gulbi. Daga kwancen ƙaton ya miƙa adda ya tsinke masa agara. Tunau ya durƙusa, sara na biyu ya sauka a wuya.

Ƙaton ya miƙe yana tofar da jini, ya damƙi Tumba a wuyan hannu. Ita ba ta taɓa dambe ba, abin da ta sani a duniya daka ne. Ba ta ja da baya ba, sai ma ta matso cikin jikinsa. Ta buɗe tafin hannu, ta tura gindinsa daga ƙasa zuwa sama a ƙarƙashin hancinsa, da dukkan nauyin da take sauke wa turmi. Hanci ya fashe, idanunsa suka cika da ruwa, ya daina gani. Ta ɗaga ƙafa ta taka masa gwiwa ta gefe, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba ta lanƙwasa. Ya saki hannunta. Tunau na kwance yana numfashi yana kallonta. Tumba ta gyara goyonta ta faɗa gulbi, ta haye, ta yi ta gudu, ba ta waiwaya ba.

In Kaka ta kawo nan, sai ta miƙe da kyar, ta kife tsohuwar ƙwarya a ƙasa. “Maigida, zo ka gwada muna ƙarhinka.” Modi ya dunƙule hannu ya kai naushi, ya koma yana tsalle yana hura yatsu, ƙwarya ko gezau. Ita kuwa, tsohuwar da ba ta iya ɗaukar tulu, sai ta ɗora gindin tafinta sau ɗaya, ka ji ƙwas, ƙwarya ta rabe.

“Dunƙule hannu na 'yan kallo na,” in ji ta. “Yatsu ƙashin kaza na, karewa suka yi. Ki buɗe hannu. Ƙarhi ba ga hannu shike ba, ga ƙugu shike, awa kina daka. Kak ki bugi ƙirji ko goshi, ɓannar ƙarhi ta. Biɗi wuri mai taushi: hanci, maƙoshi, ido, gwiwa. Ƙato komi girmanai, hancinai guringuntsi na. In ya matse ki har hannu bai miƙewa, ga gwiwar hannu nan, Allah bai yi ta don ado ba. In kaya shika so, ba shi, ki tahi. In ke shika so, to sannan.” Sai ta nuna mu da karan da take tona wuta. “Kuma ku ji da kyau. Bugu buɗe ƙohwa na. In ta buɗe, hita aka yi. Ba a tsayawa dibin wanda yah hwaɗi.”

Ni duk wannan bai dame ni ba. Na tsani Tumba, tsana ta gaske, irin wadda yaro ke yi har ya kasa cin gyaɗa. Kullum sai na ce, “Kaka, don mi tab bar shi? Ɗan'uwanta na hwa, kuma bai mutu ba.”

Ba ta kallona in za ta amsa. Wutar take tonawa. “Akwai goyo ga bayanta,” in ji ta. Daga nan sai ta kakkaɓe zane. “Ƙurunƙus. Yau ko kan kusun ba ku samu, ku tashi ku ba ni wuri.”

A hanyar ɗaki nakan rantse wa Modi cewa ni ba zan taɓa barinsa ba. Shi kuma ya ce ai ba zan samu dama ba, don shi ba mai kai shi ƙasa. Da ya gane sunan yana ƙona mini rai, sai ya mai da shi abin tsokana. In na tsere daga wanke-wanke ya ce, “Ga Tumba can ta haye gulbi.” Na sha watsa masa ƙasa a kan haka.

Kaka ta rasu kafin hanyoyinmu su lalace, kuma na gode wa Allah da bai nuna mata ba. Modi ya zama ɗan damben da yake so. Bai kai Tunau suna ba, amma daga Bukkuyum zuwa Gummi an san hannunsa. Abin da aka fi yabonsa da shi ma ba ƙarfi ba ne, hali ne. In ya kayar da mutum yakan ja da baya nan take, sannan ya miƙa hannu ya tashe shi. Ni kuma na yi aure a cikin ƙauyen, na haifi ɗiyata Hajo.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana, damina ce, dawa ta fi mutum tsawo. Da hantsi ne, ina tankaɗe, sai harbi ya tashi ta bakin kasuwa. Maigidana yana gona mai nisa. Na saɓa Hajo a baya, ban ko ɗaure da kyau ba Modi ya faɗo gidan ya fizgi hannuna. Muka kutsa cikin dawa muka nufi rafi. A wata 'yar turba muka yi kiciɓis da baburansu a jere, da mutum guda da suka bari yana gadi. Bindigarsa na jingine a jikin babur, adda ce a hannunsa.

Ya kawo wa Modi sara. Modi ya goce, ya zuba masa guda a muƙamuƙi, irin wanda na sha gani a fage. Mutumin ya zube. Da idona na ga abin da ya biyo baya, kuma har gobe ina ganinsa. Modi bai yi kirari ba, ba wawa ba ne. Taki ɗaya kawai ya ja da baya, ya sauke hannuwansa, kamar mai jiran a raba. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba kafin hankalinsa ya iso. Addar ta zo ta ƙasa ta shige bayan ƙafarsa. Ya durƙusa, sara na biyu ya sauka tsakanin wuya da kafaɗa.

Mutumin ya taso kaina ya damƙi ƙullin goyon a ƙirjina yana ja. Ba zan yi ƙarya ba, fitsari ya zubo mini, kuma ban tuna wata tatsuniya ba. Hannuna ne ya tuna. Na faɗa cikin jikinsa na tura gindin tafina ƙarƙashin hancinsa. Na ji abin ya ba da ƙwas, jini mai zafi ya gangaro mini har gwiwar hannu. Bai saki ba, sai ya rungumo ni yana lalube. Na maka masa gwiwar hannu a maƙogwaro, ya yi wani irin kakari, na ɗaga ƙafa na taka gwiwarsa ta gefe da duk nauyina da na Hajo. Ya faɗi yana birgima yana ƙwala wa 'yan'uwansa kira. Daga cikin dawa muryoyi suka amsa, kuma ba su da nisa.

Hanya ta buɗe, ni kuwa na tsaya. Na durƙusa na kama rigar Modi ina ja, ko motsa shi ban iya ba. Jini na bulbulowa ta tsakanin yatsun da ya danne wuyansa da su. Hajo na tsala kuka a bayana. Ya dube ni, ya tattara abin da ya rage masa na murya.

“Ke Tumba,” ya ce, “mi kika jira? Tahi.”

Na tafi. Ganyen dawa na yankar fuskata, na faɗa rafi na haye. Na ji harbi ɗaya a bayana, ban waiwaya ba. Washegari mazan da suka rage suka je suka ɗauko gawar Modi.

Yanzu a Gummi muke, ina soya ƙuliƙuli. Matan unguwa da suka ji labarin sukan ce mini jaruma, kalmar kuma ɗaci take mini. Duka ba wuya, kowace macen da ta iya daka ta iya shi in an nuna mata inda za ta sauke hannu. Mai wuyar ita ce tafiyar, ka bar naka yana numfashi. Sai yanzu na gane abin da ya sa Kaka ba ta kallona in ta zo amsa tambayata. Ban taɓa tambayar ta inda ta samo tatsuniyar ba. Abin da na sani shi ne Babanmu ne ɗanta na fari, kuma tana da wani wa da ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba sai a addu'a. Na yi shekaru ina zagin Tumba a gabanta, ita kuwa tana ɓare mini gyaɗa.

Hajo ta isa daka yanzu. Da sanyi ya sauko bara, na zaunar da ita a bakin murhu bayan isha'i, na kife mata tsohuwar ƙwarya, na buɗe mata yatsunta da ta dunƙule. Sannan na ba ta labarin Tunau da ƙanwarsa, tun daga mashigi har hayin gulbi. Ta turo baki, na san fuskar nan sarai.

“Inna, don mi tab bar shi? Muguwa ta.”

Na ɗauki kara na shiga tona wuta. “Akwai goyo ga bayanta.”

“To goyon ya rayu?”

“Ya rayu,” na ce. “Ga shi nan zamne shina zaginta.”