Ranar da Muka Kai Kaka Gadaka

Ɗana na biyu ya fara tsayuwa a watan jiya. Ba ya kama bango, ba ya kama zanena, kujerar roba yake kamawa ya tura ta gaba, ita kuma tana ƙara a kan siminti, ƙiii, ta tsaya, ƙiii, ta tsaya. Ranar da na fara jin ƙarar ina yanka albasa, sai na ajiye wuƙar na zauna a bakin ƙofa. Na san wannan ƙarar tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya a gidanmu na Dogo Tebo, kuma mai tura kujerar a lokacin tsohuwa ce da ta haura saba'in.

Kakata ce, mahaifiyar Babanmu. Kakanmu namiji, wanda ban tarar da shi ba, ɗan kasuwa ne da iyayensa suka zo Potiskum daga Kano, shi ya auro ta daga Gadaka. Har ta tsufa Hausarta ba ta miƙe ba. Takan ce wa mace "shi", ta ce wa namiji "ita", mu yi ta dariya, ta biyo mu da muciya. A sashen gaba na gidan akwai Baffa, yayan Babanmu, mai shagon yadi a kasuwa, shi ne babba, maganarsa ce magana. Babanmu direban tirela ne, yana ɗaukar shanu zuwa kudu, sai ya yi sati uku ba mu sa shi a ido ba. Don haka Umma ce ke fama da mu: ni, sai maza uku a bayana.

In ba ki taɓa rainon maza uku a tsakar gida ɗaya ba, ba zan iya ba ki labarin yadda abin yake ba. Mai bi mini sau biyu ana ɗinke masa goshi kafin ya shekara tara. Na tsakiya kuwa aljihunsa ba ya rabuwa da ƙwari, in Umma ta zo wanki sai ta fara zazzage wandonsa daga nesa. Duk da haka ba ta taɓa yarda da cewa ɗa namiji ba ya taɓa kwanuka ba. Suna wanke-wanke, suna shara, suna kwashe toka. Gwaggo, ƙanwar Babanmu da ke aure a wata unguwa, in ta zo ta tarar da su a bakin magudana sai ta tafa hannu ta ce ana mayar da 'ya'yan ɗan'uwanta mata. Umma ta gaishe ta da ladabi, ta kawo mata ruwa, yaran kuma su ci gaba da wanke-wankensu.

Da bazara ciwon ya sami Kaka, lokacin da zafi ke sa kwanon rufi ya yi ta ƙas-ƙas da rana. Ta je ɗiban ruwa a randa ta faɗi. Bayan kwana tara a asibiti aka dawo da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, Hausar da ta yi shekara hamsin tana yi ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage a bakinta shi ne yaren garinsu, shi ma a daddatse, kuma babu mai jinsa a gidan, har 'ya'yan da ta haifa.

Baffa ya sa aka mayar da ita ɗakin ƙurya, aka saki labule. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana son mahaifiyarsa. Shi yake sayen magani, shi ya kawo fanka, na taɓa ganin sa ya fito daga ɗakin yana goge ido da hularsa. Amma ba ya iya jure ganin yawu na zuba daga bakin matar da ta haife shi, kuma ba ya son wani ya gani. Ya ce masu dubiya su tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce kada a riƙa fito da ita.

Autanmu lokacin yana wata bakwai, ya fara zama ke nan. Aiki ya yi wa Umma yawa, sai ta riƙa shimfiɗa masa tabarma kusa da katifar Kaka ta bar su tare. A nan ya yi haƙorinsa na farko. Yakan kama yatsun hannunta da ya mutu ya yi ta ciza, ba ta ji. Wata rana ina zaune ya gantsara mata, sai na ga hannun ya ɗan motsa, ta yi masa wata magana mai kama da faɗa. Na fita a guje na gaya wa Umma. Ta zo hannunta duk kumfa, ta tsaya tana kallonsu.

Da damina ta faɗi auta ya fara rarrafe, kuma wurin da ya fara nufa shi ne ƙofa. Ya ɗaga labule ya fice, Kaka ta bi shi da ido, sai ta saki wani kuka da ban taɓa jin babba ya yi ba. A ranar Umma ta ɗauko kujerar roba ta ajiye a gaban Kaka, ta ɗora mata hannunta mai lafiya a kai, ta tallafe ta ta baya. Taku uku suka yi. Bayan sati biyu sun kai bakin ƙofa. Kafin gero ya fitar da kai, Kaka tana tura kujerar har gindin darbejiyar tsakar gida, auta na riƙe da ƙafar kujerar yana jan gindi, daga baya yana tsaye yana tangaɗi. Umma ta raba wa mazan aiki. Mai bi mini shi ke tsayawa a ɓarin dama kada ta karkata, na tsakiya shi ke riƙe da tsumman goge mata baki. Yaron da ba ya iya zama minti biyu sai ga shi yana goge haɓar tsohuwa a hankali kamar mai riƙe da ƙwai.

Baffa ya shigo wata la'asar ya gan ta a waje. Ya kira Umma gefe ya ce, "Ba na ce a bar ta a ɗaki ba?"

Umma ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Yaya, ɗakin da zafi."

Washegari ta sake fito da ita.

Daga tsakar gida aka koma ƙofar gida, inda take zama da hantsi lokacin sanyi, matan unguwa na wucewa suna gaishe ta tana ɗaga musu hannu. Shekarun nan ne da aka hana hawa babur, gari ya cika da Keke Napep da shingayen jami'an tsaro, kowa na ɗokin komawa gida da wuri. A irin wannan lokacin Umma ta ga ya dace a fara yawo da tsohuwa. Da damina ta biyu, duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai mu cika keke ɗaya, mu bi hanyar Danchuwa har inda gidaje suka ƙare. A tsaya a bakin gona, mazan su bazu cikin kunyoyin gero suna kamun fara, Kaka na zaune a cikin keken tana shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta kama ganyen gero ta murza, ta girgiza kai in bai yi mata ba. Manomiya ce kafin a kawo ta birni.

Auta kuwa yana tafiya har da gudu, amma ya doshi shekara biyu bai ce "Umma" ba, bai ce "Baba" ba. Wasu sautuka kawai yake yi da babu mai gane su. Gwaggo ta samu abin faɗa. Ta ce an bar jariri da mai karkataccen harshe, ga shi nan ya ɗauka, yaro zai tashi bebe. Wannan maganar ta shiga Umma. Na gan ta tana tafa hannu a bayan kunnensa don ta ga ko yana ji. Amma ba ta raba shi da tabarmar Kaka ba.

A cikin maganganun Kaka akwai kalma ɗaya da take yawan maimaitawa, musamman in keke ya wuce ta mararrabar da ake ɗaukar hanyar Fika. Babanmu ne ya gane, wani zuwa da ya yi. Ya ce sunan ƙanwarta ne da ke Gadaka, wadda ita ma ƙafa ta hana ta tafiya, shekara shida ba su haɗu ba. Da zai koma ya ce wa Umma ta kula masa da tsohuwa yadda ta ga ya dace. Umma ta riƙe wannan maganar.

Da lokacin girbi ya yi, Umma ta je ta sami Baffa ta roƙe shi a kai Kaka Gadaka. Ya ce, "In ta mutu a hanya, wa zai ɗauki alhakin?"

Ta ce, "In ta mutu a ɗaki ba ta ga 'yar'uwarta ba, Yaya, shi ma akwai mai ɗauka."

Ya ce bai yarda ba, ya shige.

Ranar Laraba da safe, bayan ya tafi shago, wata tsohuwar motar haya ta tsaya a ƙofar gidanmu. Umma ba ta yi abin a ɓoye ba. Ta leƙa sashen gaba ta ce wa matar Baffa, "In Yaya ya dawo ki ce mun kai Inna Gadaka, za mu dawo kafin magariba." Ta ɗaura wa Kaka sabon zane, ta sa mata kwalli.

A shingen fita gari ƙa'ida ce kowa ya sauka ya wuce da ƙafa, hannu a sama. Muka sauka, Kaka ta rage a mota. Jami'in ya leƙo, sai ta ɗaga hannunta na hagu. Na tsakiya ya koma da gudu ya kama mata na daman ya ɗaga. Mutumin ya dube su, ya kawar da kai, ya ce, "Sannu Mama, ku wuce."

Hanya duk dammunan gero ne a jingine, da mata masu tsinkar wake. Da muka isa, ƙanwar Kaka na zaune a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗaga kai ta ga wadda ake fitowa da ita daga mota, sai ta watsar da kwanon ta taho da rarrafe. Suka rungume juna a ƙasa. Sannan suka fara magana. Kakar da muka saba jin tana gunji da kalma ɗaya-ɗaya, sai ga ta tana ba da labari, tana tambaya, ana ba ta amsa, har tana dariya da rabin bakinta. Shekara ɗaya da rabi ke nan tana magana a gidanmu, mu ne ba ma ji.

Ana cikin haka auta ya je ya ja zanen Umma yana yin sautin nan nasa. Ƙanwar Kaka ta juyo da sauri. Ta ce da Hausarta mai nauyi, "Ba shi ruwa mana, ruwa yake tambaya." Umma ta tsaya. Tsohuwar ta kira shi da yarensu, ya je. Ta nuna akuya, ya faɗi sunanta. Ta nuna wuta, ya faɗa. Ta ce ya kira kakarsa, ya kira. Mutanen gidan suka taru suna dariya suna ta jarraba shi, yana amsawa. Umma ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Kaka kuwa ta ɗaga haɓa tana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ci tuwon gero da miyar kuka a ranar, da hannunta, ta ƙi a ba ta a baki. Mun shigo gari ana kiran magariba. Baffa na tsaye a zaure, bai amsa gaisuwar Umma ba.

Bayan kwana goma sha biyu Kaka ta rasu, da hantsi, a gindin darbejiya, auta na wasa kusa da ƙafarta. A zaman makoki Gwaggo ta ce a gaban mutane jijjigar hanya ce ta ƙarasa ta. Umma ta ci gaba da kai wa masu gaisuwa ruwa. Da Babanmu ya iso a kwana na biyu, ya shigo sashenmu ya zauna, tambaya biyu ya yi. Ta ga ƙanwarta? Ta gani. Ta yi magana? Ta yi, har da dariya. Ya ce, "Allah ya saka miki." Ya tashi ya fita zaure, kuma ban san abin da ya gaya wa yayansa ba, amma Baffa bai sake ɗaga maganar ba har ya bar duniya.

Gwaggo dai tana nan, kuma ba ta bari ba. Ko a bikin da muka yi bana sai da ta ce wa wata baƙuwa da ba don taurin kan wasu ba da tsohuwarsu ta ƙara shekaru. Umma ta taɓa ni da ƙafa don in yi shiru. Ban yi ba. Na ce, "Gwaggo, ina cikin motar. Kwana nawa Allah ya rubuta mata ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Amma na ga ranar da ta yi dariya, ke ba ki gani ba."

Yanzu abubuwa sun yi sauƙi. An janye shingayen, ana samun keken marasa lafiya a kasuwa, kowa na da waya a hannu. Duk da haka na san gidaje a garin nan da aka sa wa tsoho fanka da talabijin aka ja masa ƙofa, jikoki na gaishe shi ta waya daga sashen da ke kusa. Auta ya zama saurayi, yaren ya zube daga bakinsa tun yana firamare, kalma huɗu ko biyar suka rage masa, kuma babu wanda ya saura a gidanmu da zai ƙara masa. Umma gwiwa ta fara damun ta, ƙannena suna cewa ta rage fita, ta huta. Na gaya musu ni ba da ni ba. Ranar da ta ce tana son zuwa wani wuri, ko ƙafarta ba ta taka ƙasa, zan tsayar da keke a ƙofar gida, 'ya'yana biyu su kama ta hagu da dama, mu tafi.